Nano, Ba Nono Ba

A gidanmu ciwon Mama ba shi da suna. "Abin nan" muke ce masa, wurin da ya fito kuma "gefen hagu". In ka ji muna maganarsa sai ka ɗauka tayar mota ce ta yi faci. Mama ba ta haifi mace ba, mu biyu ne, ni da yayana, kuma ban ga ɗan da zai dubi idon uwarsa ya kira wannan wuri da sunansa ba, sai dai in ya gaji da duniya.

Wata bakwai ta yi tana shafa masa man zafi ba wanda ya sani. Sai da ƙullutun ya kai ƙwan kaza, hannun ya fara yi mata gardama in za ta ja yadi a kan keken ɗinki, sannan ta yarda a je asibiti. Aka ɗauki hoto, aka tsira allura aka ciro ɗan nama, aka ce a dawo bayan sati biyu.

Wa zai raka ta jin sakamako? A ƙa'ida yayana ne, wanda muke kira Digiri in ba ya kusa. Amma tun ranar da aka ba shi tebur da fanka a ofis, Allah ya jarabce shi da mitin. Don haka aka ce ni, tunda aikina kai saƙo ne a kan babur, kuma a wurin danginmu duk wanda aikinsa yawo ne ba shi da aiki.

Likitar wata gajeriyar mata ce mai tabarau rataye da igiya a wuya. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Nas ɗin da take yi mata tafinta ta tafi hutun haihuwa. Sai ga ni, wanda ya bar makaranta a aji uku saboda benci yana ci masa baya, na zama tafintan ciwon daji. Yaren bokon nawa a bakin ƙofofin mutane na tsince shi, amma ina ji, ba laifi.

Ta juya bayan wata takarda ta fara zane. Ta ce maganin da aka saba bayarwa yana zagaya jiki duka, yana dukan mai ciwo da mai lafiya. Wannan kuwa an naɗe shi cikin wasu 'yan ƙwayoyi na maiƙo, ƙanana ƙwarai, sai ka jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙullutun suna yoyo, sai ƙwayoyin su zurara ta nan su taru, kuma a jikinsu akwai abin da yake manne wa ƙwayoyin ciwon. Ta ce ana kan gwada shi ne a asibitin, ba dole, sai wanda ya yarda. Zagaye shida na ƙarin ruwa, duk bayan sati uku, don ƙullutun ya motse. Daga nan sai tiyata.

Sau uku ta ambaci tiyata. Kunnena ƙalau yake.

"Me take cewa, Auta?" in ji Mama.

"Mama, kin san aikina. Tsohon maganin kamar a ba mutum saƙo ne ba adireshi, ya bi unguwa gida-gida yana buga ƙofa, duk wanda ya buɗe ya kwaɗa masa mari. Wannan kuwa da adireshi a jikinsa. Gidan da aka aike shi nan zai je."

"Ikon Allah. Me sunansa?"

"Nano."

Mama ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ta rage murya. "Maganin nono? Ashe akwai maganinsa takanas. To don me ake ta yanke wa matan mutane?"

Akwai wata mai kawo mata ɗinki da aka yi wa aikin shekarun baya. Mama ce take cusa mata auduga a gefe ɗaya na riga. Abin da ya hana ta zuwa asibiti wata bakwai ke nan, ba wani abu ba.

Nan ne ya kamata in ce, a'a Mama, nano, da "a", kuma ko da shi sai an yi aiki. Amma kafin in faɗi haka sai na faɗi abin da ba shi ba ne, sai na faɗi abin da za a yanka. Na buɗe baki, na dubi fuskarta, karo na farko cikin wata biyu da na ga ta saki goshi. Sai na koma kallon takalmin likita. Baƙi ne, mai igiya, ɗaya ta kusa kwancewa.

Likita ta tambaye ni ko ta gane komai.

Na ce mata sarai.

Mama ta karɓi biro ta rubuta sunanta a ƙasan fom, harafi-harafi, kamar tana jin tausayin takardar.

Ɗakin ƙarin ruwan kujeru takwas ne masu kwantawa baya, da talabijin da ba ta da murya, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Awa uku ake yi. Ni da ba na iya jiran wutar hanya ta canja, sai da na haddace duk tsagar da ke silin ɗakin. Mama kuwa wuri ta samu. Kafin zagaye na biyu ta san sunan jikokin kowace mata, ta kuma zama mai wa'azin maganin nono. In ta fara sai in tuna ban kulle babur ba.

Bayan zagaye na biyu gashinta ya fara bin mataji. Ta tara shi a tafin hannu ta kawo min har inda nake wanke babur.

"Auta, adireshin nan da ka ce, har da kaina aka rubuta?"

"Wasu suna ɓatan hanya, Mama."

"Sun yi gadon mai bayaninsu."

Ta yi amai, bakinta ya yi ɗaci, tafin hannunta ya yi ja yana zafi har ta ajiye almakashi na kwanaki. Amma ƙullutun yana motsewa. Ba a asibiti kawai aka gani ba, ita ma tana awonta. Duk Asabar da safe sai ta shiga ɗaki da tef ɗin awo, ta fito ta rubuta a bangon bayan keke da allin tela. Inci biyu da rabi. Inci biyu. Ɗaya da kwata. Masu kawo ɗinki suna ɗauka awon wuyan rigar jariri ne.

Da lamba ta sauko ƙasa da inci ɗaya, sai mitin ɗin Digiri ya fara sauƙi. Ya zo asibiti da ledar lemo, ya tsaya kusa da kujerar Mama ya sa na ɗauke su hoto, ya ce in sake domin ƙarfen ƙarin ruwan bai fito ba. Da yamma dangi duka suka ga hoton a waya, da bayanin yadda ya daɗe yana bincike a kan wannan fasaha. Kawu, ƙanen Mama, wanda ya yi karatun likitancinsa duka a bidiyon waya, ya rubuta a ƙasa cewa shi dama ya san za a rina.

Ni ina kai saƙo, ina kai Mama, ina kwana da kalma ɗaya a maƙogwaro. Duk zagaye sai in ce na gaba zan faɗa mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa sai da ya ɗauki wata huɗu.

Ranar da muka je jin sakamakon hoton ƙarshe, muna shiga na ga wata doguwar mata da farar riga zaune gefen likita. Ta gaishe da Mama da Hausa tsantsa, har da tambayar gajiyar hanya. Nas ta dawo daga hutu. Ban taɓa jin haushin jaririn da ban sani ba sai ranar. Me zai hana ya ƙara wata ɗaya a ciki?

Likita ta ɗaga hoton tana murmushi, ta yi magana, nas ta juya.

"Mama, albishirinki. Ƙullutun ya motse sosai, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ta ce lokacin da muke so ke nan. An sa miki ranar Alhamis ta sama, da safe za a yi tiyatar."

"Tiyatar wa?"

"Taki, Mama. Aikin da aka ce za a yi bayan an gama ƙarin ruwa."

"Wa ya ce?"

Nas ta dubi likita, likita ta ɗora tabarau ta dube ni. Yau takalmin nata fari ne.

"'Yar nan," in ji Mama, "maganin nono aka ce min. Ba a ce min maganin cire nono ba."

"Nano ne, Mama. Sunan ƙanƙantar ƙwayoyin ne kawai. Ba shi da alaƙa da..." Nas ta kalle ni, ta gane inda aka kwana.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi, ta ɗauki jaka, ta ce wa likita sannu da aiki, ta fita. Na bi ta har bakin titi ina miƙa mata hular kwano. Ko kallon babur ɗin ba ta yi ba, ta tare motar haya ta shige.

Na koma ciki na karɓi rabona. Likita ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce laifinta ne da ta yarda da tafintan da ba ta gwada ba, kuma sa hannun da aka yi ba a gane ba, ba sa hannu ba ne. Sannan ta ce in saurara da kyau. Hoto ba ya ganin komai. A cikin ƙwayar waken nan da kewayenta za a iya samun masu rai, in aka bar su za su dawo, kuma ba lallai su sake jin magani ba. Za ta riƙe gurbin Alhamis zuwa Litinin da rana. In Mama ba ta zo da bakinta ta ce ta yarda ba, za a ba wata.

Kwana uku Mama ba ta ce min ci kanka ba. Keke kawai take takawa, ta ɗinke duk abin da ke shagon, har labulen da ba wanda ya ce ya yage.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi taron dangi a shagon, tsakanin rigunan da ke rataye. Digiri ya zo da takardu shafi goma sha biyu da ya buga a firintar ofis, ya ja layi da jan biro. Kawu ya zo da waya cike da caji.

Digiri ya fara da ni, kamar yadda aka saba. Ya ce wannan shi ne illar tura jahili aikin masu ilimi.

"Gaskiya ne, Yaya," na ce. "Masu ilimin ne aka nema aka ce suna mitin."

"Ka ji ko, Kawu? Ka ji rashin kunyar?"

"Ku bar wannan," in ji Kawu, ya miƙa wa Mama wayarsa. "Yaya, kalli nan. Wannan bawan Allah da ganye bakwai yake narkar da abin nan cikin kwana tara. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalla. Mutum dubu ɗari huɗu za su haɗu a kan ƙarya?"

Digiri ya ture wayar ya fara karanta takardunsa da yaren boko, yana fassara wa Mama da wani yaren bokon. Ya ce bincike ya nuna cewa cire sashen da abin ya shafa yana da muhimmanci ga makomar al'amarin. Ya ce sashen. Ya ce yankin. Ya ce ɓangaren da ake magana a kai. In ba ka sani ba sai ka ce rabon gona ake yi.

Mama ta ɗaga ƙafa daga kan keke.

"Maza uku a gabana, biyu da gemu. Tun ɗazu ake cewa za a cire, za a cire. Me za a cire? Yatsa ne? Kunne ne? Ɗaya ya faɗa min."

Fankar shagon ta yi ta juyawa. Kawu ya duba agogo ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali da sauran fiye da awa kafin magariba. Wayar Digiri ta yi ƙara, ko kuma shi ya sa ta yi, ya fita yana cewa "ina ji, ranka ya daɗe". Ranar Lahadi.

Saura ni da ita da shafi goma sha biyu.

Na taɓa faɗuwa a kan babur a tsakiyar kasuwa, wando ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, mata suna kallo. Wancan wasa ne a kan wannan.

"Nononki na hagu, Mama," na ce. "Shi za a yi wa aiki. Wataƙila wani wuri a ciki, wataƙila duka."

Ta dube ni har sai da na ji kunnuwana suna zafi.

"Ashe bakin yana aiki. Ranar farko ka ji ta faɗa?"

"Sau uku."

"Me ya hana ka?"

"Kunya. Da tsoron kar ki tashi ki tafi, ki koma wa man zafi."

"Kunya." Ta gyaɗa kai. "Shekara biyu kana rataye a jikinsa, har da cizo, sai da na shafa masa ɗaci kafin ka saki. Yau kuma sunansa ya fi ƙarfin bakinka. Ka bar ni ina ta yi wa matan mutane wa'azi. Akwai wadda ta ce min za ta roƙi likitanta a sauya mata zuwa nawa don kar a taɓa ta. Da wane ido zan kalle ta?"

Ta juya ta kalli lambobinta a bango, tun daga inci biyu da rabi har zuwa inda ta daina rubutawa domin tef ba ya kama komai.

"To faɗa min, tunda yau ranar gaskiya ce. Na taɓa, ban ji komai ba. Abin da ya tafi, me za a yanka a kansa?"

Na jawo kujerar masu jiran ɗinki na zauna.

"Mama, in aka ba ni saƙo goma da safe, duka da adireshi, kin ɗauka goma nake kaiwa?"

"Nawa kake kaiwa?"

"Ranar sa'a takwas. Wani gidan a kulle yake. Wani lungun babur ba ya shiga. Wani ya tashi daga gidan bai gaya wa kowa ba, lambar tana nan a ƙofa, mutumin yana wata unguwa. Haka maganin nan yake. Da yawa ma hanta ce take tare su a hanya. Waɗanda suka isa sun yi aiki, kin gani da tef ɗinki. Amma ba wanda zai rantse miki an shiga kowane gida."

"Wanda ba ka kai ba, me kake cewa a ofis?"

Na sosa ƙeya.

"Auta."

"Wani lokaci ina danna 'an kai' a waya. In koma washegari."

"Kana komawa?"

"Yawanci."

Mama ta yi wata dariya gajeriya, ta farko cikin kwana uku, ba ta daɗi ba.

"Wata huɗu ina yabon magani, ashe halinka gare shi. To in irinka ne aka aika cikin jikina, gara a buɗe a duba." Ta mayar da ƙafa kan keke. "Gobe za ka kai ni. Amma a waje za ka tsaya. Da doguwar nan zan yi magana, ita bakinta ba ya tsallake layi."

Ranar Litinin na tsaya a baranda kamar wanda aka kora daga aji, abin da na riga na ƙware a kai. Minti arba'in suka yi. Daga baya nas ta ba ni labari tana dariya. Wai Mama ta tambayi faɗin da za a bari a gefen yankan, ta tambayi wa zai yi ɗinkin, kuma shekara nawa ya yi yana ɗinki. Likita ta ce za su fara da cire wurin da ɗan kewayensa, a duba gefen naman nan take. In ya fita tsab, shi ke nan. In bai fita ba, za a cire duka, kuma sai ta yarda da biyun kafin a fara. Mama ta sa aka maimaita mata sau biyu, sannan ta sa hannu. Ta kuma roƙi nas ta nemo mata lambar matar nan ta ɗakin ƙarin ruwa, ta kira ta a gabansu ta warware wa'azinta.

Ranar Alhamis da hantsi aka tura ta ciki. Bayan azahar likita ta fito da hular tiyata a kai, ta zauna kusa da ni a benci, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun daga nan na gane. Ta yi min bayani a hankali, ta ce in ina so nas za ta faɗa mata in ta farka.

Na ce ni zan faɗa.

Mama ta farka wajen la'asar, leɓenta a bushe, roba tana fitowa daga ƙarƙashin bandeji zuwa wata 'yar kwalba a gefen gado. Idonta ya yi yawo a silin kafin ya same ni.

"Auta."

"Na'am, Mama. Sannu."

"Rabi ko duka?"

"Duka. Gefen bai fita tsab ba, an samu masu rai a wuri biyu. Sun cire nonon duka, da 'yan ƙulluttai uku a hammata."

Ta rufe ido. Hawaye ɗaya ya gangara ta gefe ya shige kunnenta, na rasa ko in share ko in bari. Hannunta na dama ya taso ya tsaya a kan bargo, bai ƙarasa ba. Muka daɗe a haka, ana tura gadon wani a baranda, tayarsa ɗaya tana kuka.

"Ciwon fa? Sun kwashe?"

"Ta ce sun kwashe duk abin da suka gani. Sauran sai an duba naman, sati biyu. Kuma wataƙila a gasa wurin da hasken na'ura daga baya."

"Haka ta ce, ko haka ka gyara?"

"Haka ta ce."

"Zauna ka maimaita min tun daga inda ta fara. Kar ka rage ko wasali."

Na ja kujera na fara daga farko. A wuri biyu ta sa aka kira nas ta tabbatar.